Kofuna Biyu

A ɗakin gwaji Benedita ta koya wa ɓera
cewa bayan ƙararrawa akwai tsaba.
Sati biyu, kunne na ji, yawu ya tsinke.
Sai ta kaɗa babu ko ƙwaya,
ta kaɗa, ta sake,
har ya daina ɗaga kai.
Ta rubuta: sabo ya gushe.

Da yamma ta hau tudun Lisbon, gidan kakarta.
Ƙarfe shida taragon lantarki ya shawo kwana
yana buga tasa ƙararrawar.
Tsohuwa Graça ta miƙe, ko taga ba ta leƙa ba,
ta sauko da kofuna biyu,
har da mai tsagaggen baki, na Anselmo.

Shekararsa bakwai a ƙasa.

Benedita ta tura littafin cikin jaka,
ta miƙa hannu.