Daƙiƙa Huɗu na Kawu Labbo

A ƙasan akwatin Gwaggo Tumba,
ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa,
na tono kaset, sunansa ya goge.
Sai da na taka daga Marina har Rijiyar Ɗorawa
kafin in sami mai gyaran rediyo
da bai zubar da bidiyonsa ba.

Bayan isha'i muka baza tabarma a tsakar gida,
ƙasa tana amayar da zafin yini,
janaretan maƙwabta ya sam mana wuta.
Hoton ya zo da yayyafi,
murya a gaba, baki na bin ta a baya.

Dawaki uku ne kaf a fim ɗin:
akawal, bidi, da wani kili mai ɗingishi.
In sun zagayo sai a sauya wa mahaya riguna,
wai mu ɗauka goma ne.
Attajirin da aka binne tun farko
ga shi can cikin 'yan kallo yana shan rake.
Ƙarar kofato kuwa, ko kaffara ba zan yi ba,
ƙoƙo biyu ake ƙwanƙwasawa a gindin turmi.
Yara suka yi ta dariya har Asabe ta ƙware.

Gwaggo ba ta ko murmusa ba.

Jarumi ya ɗora gonar gado a kan bidi,
ya tofa wa takardar caca addu'a,
kamar Allah bai san takardar mece ce ba.
Ana cikin haka ta dafa gwiwata:
"Tsaya nan. Maishe shi baya kaɗan."

Na mayar.
Jikin shinge, bayan kafaɗar jarumi,
wani siririn saurayi, hula a karkace,
ya damƙe takarda, bakinsa a buɗe.
"Shi na," ta ce. "Labbo na."

Ba wanda ya ɗauke shi wasa.
Tasa cacar ta kai shi filin sukuwa,
kyamara ta bi ta kansa kamar ƙuda.
Kuɗin keken ɗinkinta ne a hannun nan.
Ranar ya dawo da magariba
ya ce an yanke masa aljihu a kasuwa,
ta zuba masa tuwo, ba ta tanka ba.
Har aka kai shi makwanci ba ta tanka ba.

Sau bakwai na mayar.
Daƙiƙa huɗu, sai kafaɗar jarumi ta rufe shi.
Da zaren ya fara kuka ta ce in bari ya wuce.

Aka saki dawaki.
Shekara talatin ke nan akawal na cinye wannan tsere,
ta fi kowa sani.
Amma na ga ta tashi a kan gwiwa,
carbi ya tsaya cak a yatsunta:
"Haba bidi, yau ɗai. Yau ɗai."

Akawal ya shige da tsawon wuya.
Ta koma ta zauna, ta gyara kallabi.
"Ya matso," ta ce.
"Wanga karo ya matso ƙwarai."