Murɗaɗɗen Ƙwai

Ran Talata, kasuwar Mafara tana ci,
Mainasara mai kayan wuta ya ja hannuna:
"Bawa, kai da allura ke kai ka tsakar dare,
ga ƙwan da ba ya shan wuta, sai lasa."
Fari ne, a murɗe kamar alkaki,
kuɗinsa kuɗin tsofaffin guda biyar.
Na ce, "Wace kaza ce ta saka wannan?"
Na dai biya, ina ƙunƙuni.

Da magariba na ɗaura shi a shago.
Bai zo da gaggawa ba.
Ya ƙyafta, ya yi miƙa, ya buɗe ido a hankali
kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana,
sai can ya zubo mini farin wata a kan tabarma.

Gaskiya ko ta maƙiyi ce a faɗe ta.
Da bazara, in ɗaki ya zama tanda,
tsohon ƙwan nan gasa mini ƙeya yake,
zufata na ɗiga a kan shaddar mutane.
Wannan haske ne ba huci.
Mitar da ke gudu kamar ta hango kura
ta koma takun hawainiya.
Ɗan janaretana mai tarin fuka,
da ƙwai uku kan sa shi durƙuso,
yau tara yake goyo, har da na zaure,
inda yaran layi ke haddar lissafi.

Sai ran da Alhaji Jatau ya zo karɓar riga.
Zaren da na zaɓa da dare ruwan ƙasa,
da hantsi ya fito ruwan goro.
Aska takwas, aikin kwana goma sha ɗaya,
na zauna ina warwara, shi yana tsaki a kaina.

In wuta ta zo rabi da rabi
rawar ɗari yake, yana kukan sauro.
Na biyun da na saya, kwalinsa ya rantse da shekaru,
mako uku gindinsa ya yi baƙi, ya yi ƙauri, ya tafi.
Mainasara ya ce, "Jabu ne, ni ma cuta ta aka yi."

Wani ya suɓuce mini ya tarwatse.
Na ɗauko tsintsiya, Luba ta riƙe ta,
'yata mai karatun jinya a Gusau:
"Baba, buɗe taga, a fid da yara,
akwai zaiba a cikinsa."
Da kwali muka kwashe, muka rufe a gwangwanin madara.
Bolarmu ta awaki ce da yara masu tono.
Gwangwanin na nan bisa katanga har yau,
ban san inda zan kai shi ba.

Amma wadda ta fi ci mini rai
ita ce ta 'yan tsakin Kulu.
Arba'in ta sayo da kuɗin adashinta,
ta rataya musu tsohon ƙwai a cikin akurki.
Ni sarkin tattali, na bi dare na canja shi.
Marka ta kwana tana zuba.
Da asuba bakwai sun miƙe ƙafa,
sauran sun cure a kusurwa, a tsakiyar haske fes.
Kulu ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Malam, tsako ba gani yake nema ba,
ɗumin uwa yake nema."

Talatar da ta zago na koma kasuwa
neman ƙwan da na raina.
Mainasara ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya laluba ƙasan tebur ya zaro mini guda.

Yanzu murɗaɗɗen na shago, mai zafin na akurki.
Zare kuwa, tun ranar Alhaji Jatau,
ƙofar gida nake fita da shi,
in tambayi rana.