Wadda Ba Ta Amsa Ba

Ƙarfe biyu saura, Yawuri ta yi barci,
sai ni da fanka mai gurnani
da allon da ke ƙirga mini na'urorin asibiti.
Sittin da uku na sani.
Sittin da biyu suka amsa sallama.

Na sake jefa taru.
Haka kakana ke yi a kan Kwara,
ya jefa, ya ja, ya duba, ba ya cewa uffan.
Manhaja ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya,
gida-gida kamar mai rabon goron suna,
ta dawo da kwamfutar ɗakin haihuwa,
da firintar akanta mai surutu,
da kyamarar bakin ƙofa.
Ta firjin allurai, babu labari.

Wayata kuwa tun magariba take rawa a aljihu.
Ja, ja, ja.
Saƙo arba'in da ɗaya cikin awa guda.
Uwa ɗaya ce ta yi tuntuɓe a ɗakin gwaji
da aka ɗauke wuta,
'ya'yanta duka suka ɗau kururuwa,
kowa na rantsuwa shi ne ya mutu.
Laifina ne, ban gaya wa manhaja
wa ke goye da wa ba.
In ƙararrawa ta cika kuka
kunne kan mai da ita kwaɗin damina.

An ce kukan kurciya jawabi ne.
To shirunta fa?

Na ɗau tocila.
Baranda ta jiƙe, ƙwari sun yi taro a ƙwan lantarki.
Malam Hakilu maigadi ya ɗago daga rediyo:
"Injiniya, yau ma aljanun naka ne?"
Na ce ɗaya ta ɓata.
Ya ce, "Duba garken maƙwabta kafin ka zargi kura."

Ga ta nan a bangon sito,
tana ƙyafta koren ido, lafiya lau.
Na shafa waya, ba ɓera, ba tsatsa.
Na leƙa cikinta:
ashe da wuta ta dawo jiya
lambar firinta ta ɗauka.
Biyu a gida ɗaya, suna ɗaya,
in an kira, mai bakin ce ke cewa na'am.
Kalmar sirrin da na sauya wa kowa a watan jiya ma
ita na tsallake.
Ina ta murɗa sabon mabuɗi,
ƙofa na jiran tsoho.

Kuma tun la'asar take ihu.
Firji ya ɗumama, tara, goma,
tana aika kuka ga Sista Luba
wadda aka mayar Zuru tun bara.

Na tsaya, tocila a baki.
Na tuna layin ranar Talata,
goyo a baya, kati a hannu,
waɗansu daga tsibiri, sun biya kwalekwale zuwa da dawowa.

Ni da Hakilu muka kwashe kwalabe
a kwalin taliya, zuwa firjin ɗakin jini.
Sannan na ba ta lambarta ta dindindin,
na rubuta da alli a bango don mai zuwa bayana.
Na goge Luba, na sa mai aikin dare, na sa kaina.
Masu kururuwar nan na ɗaure su a zanen uwarsu,
in ta faɗi, murya ɗaya ta isa.

Na sake jefa taru.
Sittin da uku.

Ban yarda ba tukuna.
Na zare wayarta da gangan, ina ƙirga a zuci.
A goma sha bakwai aljihuna ya motsa.
Ban taɓa jin daɗin mugun labari haka ba.

Na mayar. Allo ya yi kore shar kamar fadamar shinkafa.
Ladan na gyaran murya a Yelwa.
Ko alluran sun tsira,
sai mai magani ta zo da safe ta duba.
Wannan ba ya cikin abin da allona ya sani.