Addar Lolo Eulogio

A dandalin garinmu sun tsai da shi da tagulla,
takobi a ɗage, ƙirji a buɗe,
tattabaru na kashi bisa hularsa.
Ni Remedios, autar jikokinsa,
na san bai taɓa riƙe takobi ba.
Adda ya riƙa, ta saran rake,
ga ta can rataye saman murhu,
hayaƙin kifi ya shafe mata baki.

Yana ɗan ashirin da uku ya keta takardar haraji
a ƙofar coci, Sifaniyawa na kallo.
Maza arba'in suka bi shi kan tsauni
da dafaffiyar shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba.
Kakata ta farke jan zanen bikinta
ta ɗinka musu tuta,
allura ɗaya, fitila ɗaya, kwana uku.

Suka kori mai gemu, suka yi rawa,
ba su ko sauke ganga ba
sai ga wasu jiragen a bakin teku,
sabon baƙo da sabuwar bindiga.
An gudu, ba a tsira ba.

Shekara biyu yana kwana cikin gora da sauro.
Ran da aka cinna wa rumbuna wuta,
aka bindige ɓaunar noma a gaban yara,
ya sauko shi kaɗai ya miƙa hannuwansa.
Wasu suka ce dabara ce,
durƙusa wa wada ba gajiyawa ba.
Wasu suka tofar da yawu.
Har gobe gidan su Dimaano ba sa gaishe mu.

Bayan nan ya sa farar kwat, ya shugabanci gari.
Gadar da kuke takawa zuwa kasuwa, shi ne.
Makarantar da rufinta ke yoyo, shi ne.
Wannan duk yana jikin allon tagulla.

Abin da ba a rubuta ba:
kullum almuru, in kwaɗi suka fara a fadama,
sai ya zauna bakin taga yana lissafa sunaye,
yatsa bayan yatsa, hannun na karkarwa.
Talatin da ɗaya.
Na ƙarshen, Crispulo,
ba harsashin baƙo ne ya ci shi ba.
Gardama aka yi kan wa zai ja gaba,
kakana ya ɗaga kai, aka tafi da shi bayan tsauni.
Nan muryarsa ke sarƙewa,
sai ya ce in miƙo masa ruwa.

Kowace shekara 'yan makaranta na kawo furanni,
mai kakaki ya busa, magajin gari ya yi jawabi.
Ni kuwa kyandir biyu nake saya.
Ɗaya a gindin tagulla.
Ɗayan sai na hau tsauni, da gwiwar nan tawa,
in nemi inda babu kabari,
in kare shi da tafin hannu
kada iska ta kashe.