Baƙi Mai Ƙugiya

Mu uku ne a maɗaba'ar bayan tasha, a Tawa.
Arzika ya fara aiki tun ina goye,
Cima ta zo bara da damina,
ni kuwa Laraba ce a makonsu:
ban yi nisa da kowa ba,
ban kuma zauna kusa da kowa ba.

Arzika ba ya taɓa takarda sai ya gaida mutum har kakanni.
Cima kan shigo da waya a kunne,
ta ɗaga yatsa biyu, wai an gaisa ke nan.
Yana ce mata Ƴar Latse-latse.
Tana ce masa Baba Jiya,
a hankali, in injin na ruri.
Dukansu a bayana suke sauke kaya,
jakin da ba a ba shi ko dusa.

Shayi ma bai haɗa su ba.
Nasa sai ya hau gawayi sau uku,
ita kofi take kaɗawa a tsaye.
Rediyonsa na jero sanarwar rasuwa,
ta ce, "Baba, kullum mutuwa?"
Ya ce, "Tsarana ne ake kira."
Ranar ba ta sake magana ba har la'asar.

Sai ga matan ƙungiyar masu albasa
da ƙasida ɗari uku, kafin kasuwar Lahadi.
Asabar da magariba kuran ya ɗauke.
Allon Cima ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Kuɗin man janareta kuwa, maigida ya rufe waya.

Na jira Arzika ya ce "ai na faɗa."
Bai ce ba.
Ya yaye buhun da ke kan tsohuwar na'ura,
ya jawo akwatin baƙaƙen darma,
ya miƙa hannu, sai ya tsaya.
Yatsu sun san gidan kowane baƙi,
ido ne ya ƙi yi musu rakiya.

"Ke, haska mini."

Wayar da yake zagi ta zama fitila.
Ya nuna mata yadda kalma ke kwanciya ta baya,
kai a ƙasa, kamar jemage.
Ya nuna mata ƙa ɗin da ya yi wa ƙugiya da kansa,
da magagari da haƙuri,
don akwatin ya ƙetaro teku ba ƙa, ba ɗa, ba ɓa.
Ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Da nauyi."

Gwajin farko ya fito, tawada ɗanya.
Ta karanta, ta toshe baki, dariya ta ƙwace:
"Ku shayar da kasa safe da yamma.
Baba, maciji za su ba ruwa?"
Na haɗiye numfashi.
Shekara ashirin ban ga mai gyara wa Arzika baƙi ba.
Ya kai takardar har hanci, ya daɗe,
ya ce, "Gida na uku daga hagu, ɗauko mai ƙugiyar.
Kasa ta nemi ruwa a wata gona."

Ni na juya hannun na'ura har kiran assalatu.
Kafaɗata na nan tana ba da labari.

Litinin kuran ya dawo.
Ba su zama uba da ɗiya ba, kada in yi ƙarya.
Baba Jiya na nan, Ƴar Latse-latse na nan.
Amma bayan azahar na leƙa ta taga:
ta danne masa waya da babban yatsa,
yana aika murya ga ɗansa a Abijan.
Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zafi,
ina mutanen Bilbis da ke can,
ita kuwa ba ta ɗaga yatsan ba
har ya gama.

Na zuba wa kaina shayi na uku.
Yau ba wanda ya sauke kaya a bayana,
har na ɗan ji kewar nauyin.