Rabin Cokali

Ni jikan masu albasa ne.
A wajenmu da kwando ake zuba taki:
kashin kaji, tokar murhu, abin da akuya ta bari.
Ƙasa ta ci ta ƙoshi, ta biya.

Sai ga ni a Kumasi, gidan Madam Serwaa,
tana nuna mini furen da bai san ƙasa ba.
Okid, in ji ta.
Yana rataye a ɓawon kwakwa da gutsuren gawayi,
saiwoyinsa a waje, fari-fari,
kamar yatsun tsohuwa mai lalube cikin duhu.

Na tausaya masa. Na ce yunwa ce.
Da Madam ta tafi jana'iza Mampong
na kawo kashin kaji daga Aboabo, cikin leda,
na tula masa yadda ake tula wa baƙo tuwo.
Kwana tara, bakin saiwa ya ƙone,
ganye biyu suka yi rawaya, suka sauka
ba ko sallama.

A Kejetia, layin masu maganin gona,
Sallau ya jera mini kwalabe:
wannan ta ganye, wannan ta toho,
wannan ruwan ciyawar teku, wai daga ƙetare,
kowace da lamba a goshi kamar motar haya.
Na ce a ba ni mafi ƙarfi.
Ya yi dariya har ya ƙware da goro.
"Malam Tanimu, mai cin iska kake ciyarwa.
Abin da takarda ta ce, raba shi huɗu.
Fara da ruwa zalla, kada taki ya iske saiwa da ƙishi.
Mako uku ka ba shi,
na huɗu ka wanke gishirin da ruwan sama."

Sidi arba'in. Na ɗauki ƙaramar.

Yanzu duk Asabar da sassafe
rabin cokalin shayi nake aunawa a bokiti.
Hannun yana so ya ƙara, ina riƙe shi.
Shi ne dai hannun da ya tula wa Hamisu nasiha
kwando bisa kwando,
har yaron ya kwashe kayansa.
Yana Tema. Ba ya ɗaga waya.

Jiya na ga sabon kan saiwa, kore shar,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ban gaya wa Madam ba tukuna.

Na rubuta wa yaron kalma uku:
Ka ci abinci?
Na kife wayar,
na murɗa murfin kwalbar.