Balaraben Suwame

Ranar Laraba ya iso Kumasi,
jaka ɗaya a baya, takarda mai hatimi uku a hannu.
Asantawan layinmu suka ce Kwaku.
Fulera ta ce Balarabe,
ko da yake ba ruwansa da Larabawa,
daga ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa rabin shekara ya fito.
Sunansa na yanka kuwa, Eirik,
ya maƙale mana a wuya kamar ƙayar kifin Yeji.

Takardar ta ce wata shida.
Ta ce musayar al'adu.
Na sa hannu, na ba shi ɗakin ɗana Muntaka,
Muntaka ya naɗe tabarma ya koma zaure.

A Suwame ba a koyon walda da baki.
Ya zo da digiri biyu a kan ƙarfe
amma bai taɓa ganin injin da ya mutu sau uku
ya tashi yana tari ba.
Ranar da aka ɗauke wuta ya zauna yana duban agogo.
Na ce tashi, yaro,
guduma ba ta shan lantarki.

Koko da ƙosan Abuwabo sun karɓe shi,
barkono ya sa shi hawaye gaban yara
ya rantse hayaƙi ne.
Kwandastan tirotiro ya koya masa miƙa kuɗi da dama,
bai ji karatun da daɗi ba.
Da zazzaɓin sauro ya kayar da shi kwana biyar
Fulera ta zauna a kansa da mafici tana faɗa:
ɗan mutane, amana ce kai, kada ka kunyata ni.
Uwarsa ta kira ta waya,
matan biyu suka yi ta magana ba mai jin yaren wata,
suka rabu kowacce na share ido.

Shi ma ya bar nasa.
Yanzu kowace sifana na da ƙusarta a bango
da zanen jikinta da alli.
Yaran shago sun yi masa dariya,
amma tun ranar ba a sake cigiyar lamba goma sha uku ba.

Sai dai musaya, yadda na san ta a Kejetiya,
hannu ya ba da, hannu ya karɓa.
Muntaka ya cike irin takardar nan.
Balarabe ya rubuta wasiƙa, ubansa ya yi alkawarin ɗaki.
Na sayar da ƙaramin janareto.
Yaron ya hau motar dare zuwa Ankara, can bakin teku,
da rigarsa ta sallah a leda,
ya bi layi tun asuba.
Minti biyu ta bayan gilashi.
Wai ba su gamsu zai dawo ba.
Kuɗinmu ne suka tabbatar ba zai dawo ba.

Daren nan Balarabe ya ƙi tuwo.
Ya ajiye fasfonsa a ƙasa
yana kallonsa kamar kayan sata.
Muntaka ne ya tura masa kwano:
ci, ba kai ka kafa gilashin ba.

Ya tafi wata Asabar ana yayyafi,
da tabon walda a babban yatsa
da "sai wata rana" da ya faɗa daidai, karon farko.

Jiya wata takardar ta zo.
Yarinya ce, daga Koriya, bayan azumi.
Fulera har ta jiƙa gidan sauro.
Na daɗe riƙe da biro.
Muntaka na bakin ƙofa yana goge tabaran walda,
bai ɗago ba ya ce, Baba, sa hannu mana.

An ce baƙo raɓa ne.
Na yarda, na sa hannu.
Ina dai jiran safiyar
da tamu raɓar za ta sauka a gonar wani.